Mun Koyi Kafinta, Ina Kayan Aiki?

Da farko muna gode wa masu shirya wannan mujalla da suka ba mu fili mu faɗi abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, mu da muke koyon aikin katako a wannan makaranta. Kowace shekara, ranar ba da kyaututtuka, iyaye da baƙi sukan shigo ɗakin koyon sana'a su duba kujeru da akwatuna da kantocin littattafai da ɗalibai suka yi. Su yaba, su tafa, wani dattijo ma ya zauna a kan kujera ya jijjiga ta domin ya ga ko za ta ɗauke shi. Abin da ba su gani shi ne abin da yakan faru bayan wata uku. Ɗalibin da ya yi kujerar nan ya gama makaranta ya koma gida, zarton da ya yi aikin da shi na makaranta ne, guduma ta makaranta ce, har fensirin ma na makaranta ne. Yana zaune yana jiran sakamakon jarrabawa sai ƙofar ɗakin mahaifiyarsa ta ɓalle, ya san gyaranta sarai, amma dole a kira wani a biya shi. Kafin shekara biyu hannun ya manta abin da ya koya. Mun san irin waɗannan yayye namu da yawa, kuma ba mu so mu bi sahunsu.

Wannan matsala ba yau ta fara ba. Lokacin da aka soma tsarin ilimi na 6-3-3-4 a 1982, gwamnatin tarayya ta sayo injuna da kayan koyon sana'a daga ƙasashen gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangari da Cakoslobakiya, aka rarraba wa makarantu. Malamanmu da suka yi karatu a wancan zamani sun ba mu labarin yadda da yawa daga cikin kayan nan suka tsufa a cikin akwatunansu ba a ko buɗe ba, gama babu wutar lantarki, babu ɗakin da za a kafa su, wani wurin ma babu malamin da ya san kansu. An yi tunanin inji, amma ba a yi tunanin abin da yaro zai riƙe a hannunsa ya tafi da shi gida ba. Sa'an nan ga tsada. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. Daga watan Satumba na 1986, a zamanin shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP, naira ta kama gangara, har a 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Tun da shi ke kusan dukan kayan kafinta na kanti daga waje ake kawo su, duk lokacin da naira ta faɗi sai zarto ya ƙara nisa da ɗan talaka.

To, mene ne abin yi? Ra'ayinmu shi ne, mai koyo ya daina jiran ranar da zai sami cikakken akwatin kayan aiki, gama ranar ba za ta zo ba. Ya fara da kaɗan, ya sayi ɗaya bayan ɗaya, ya fi mai da hankali ga tsofaffin kaya, kuma kafin ya biya kuɗin kowane abu mai baki ya tambayi kansa tambaya guda: in ya dakushe, ana iya wasa shi?

Mun koyi wannan tambaya da kuɗinmu ne. A bara mu biyar muka haɗa kuɗin da muka tara daga na kashewa, muka sayi wani akwati mai ƙyalli a wani kanti, cikinsa da cizal shida da ƙaramin filen, wato magogin katako, da sikwaya da sukudireba. Mun dawo makaranta muna taƙama. Ranar farko da aka ɗora cizal ɗin a kan madaci bakinsa ya lanƙwashe kamar murfin gwangwani. Muka wasa, ya sake lanƙwashewa. Filen ɗin kuwa da fallen ƙarfe aka naɗe shi, in an ɗaure wuƙarsa ta karkace, in an daidaita ta ta kwance. Sikwayar ma da malaminmu ya gwada ta sai ya ga ba ta tsaya daidai ba, wato duk abin da aka auna da ita a karkace zai fito. Hausawa sun ce araha ba ta ado, mu kuwa mun ga ba ta ko aiki. Amma kada a ɗauka muna cewa duk abu mai arha banza ne. Arha iri biyu ce. Akwai ta abin da tun asali ba a yi shi domin aiki ba, an yi shi ne domin ido. Akwai kuma ta abin kirki wanda ya tsufa ya yi tsatsa, mai shi bai san darajarsa ba. Ta biyun muke nema.

Ina ake samunta? A wurin 'yan gwangwan da 'yan gwanjo, da rumfunan tsofaffin ƙarafa irin na Panteka a Kaduna, da kewayen kasuwannin katako kamar Kasuwar Katako ta Jos, da kasuwar ƙauye ranar da take ci, inda wani lokaci za ka tarar da filen a shimfiɗe a ƙasa tsakanin tsofaffin kwado da sarƙar keke. Kada ka tafi kai kaɗai karon farko. Ka roƙi wani tsohon kafinta ya raka ka, ko da za ka biya masa kuɗin mota, gama idonsa zai cece ka daga asara. Kuma kada ka nuna zumuɗi a gaban mai kaya.

Bari mu daɗe kaɗan a kan filen, domin shi ne ya fi kome tsada, kuma a kansa aka fi cutar mai koyo. Irin filen ɗin ƙarfe da muka saba gani, wani Ba'amurke mai suna Leonard Bailey ne ya tsara shi, kamfanin Stanley ya sayi haƙƙin ƙirarsa a 1869. Daga baya, a 1931, aka fara yin na Record a garin Shafil na Ingila bisa wannan fasali, su ne masu shuɗin fenti. Lambar da ke jikinsa tana nuna girmansa. Mai lamba 4 tsawonsa wajen inci 9 ne, na gyara fuskar katako ne ta yi sumul. Mai lamba 5 tsawonsa inci 14, shi ne na aikin ƙarfi, na rage kauri da miƙe gefe. Dukansu biyu wuƙarsu ɗaya ce, mai faɗin inci 2, saboda haka in ka tsinci karyayyen mai lamba 5 da wuƙa mai kyau kada ka raina shi, wuƙar za ta shiga mai lamba 4. Mai koyo guda ɗaya ya ishe shi, kuma duk wanda ya fara samu mai lafiya daga cikin biyun nan ya ɗauka.

Ga abin da za ka duba. Jikin filen ƙarfen zubi ne, in ya faɗi ƙasa tsagewa yake yi, saboda haka ka goge dattin ka duba gefen bakinsa da kyau, wato ramin da wuƙa ke leƙowa. In akwai tsaga a nan, ko alamar walda, ka ajiye shi kome arharsa. Ka murza abin nan na tagulla da ke bayan wuƙa ka ga ko tana fita tana komawa. Ka ɗora gefen rula a ƙasansa ka ɗaga wajen haske ka ga ko ya miƙe. Ka ciro wuƙar ka duba bayanta, gama in tsatsa ta ci ta har ta yi ramuka kusa da baki, kome wasawa bakin zai riƙa fita da giɓi. Amma karyayyen mariƙi ba abin damuwa ba ne, kai ma kana iya sassaƙa wani a yini guda. Jar tsatsa ta sama ita ma ba kome ba ce: kananzir da sanfefa suna fid da ita, ƙananan ƙarafa kuwa a jiƙa su kwana ɗaya a ruwan tsamiya mai kauri, a wanke, a shanya nan da nan, a shafa mai. A gaskiya tsatsar nan abokiyarmu ce, ita take karya farashi. Sai dai a yi hattara, sunan kamfani a jikin kaya ba shaida ba ce, domin jabu ya yi yawa. Nauyi da kyan aiki su ne shaida.

Zarto kuma iri biyu ne a kasuwa. Akwai sabon yayi mai mariƙin roba, wanda in ka duba tsinin haƙoransa za ka ga sun yi baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗi. An ƙona haƙoran ne sun yi tauri ƙwarai, shi ya sa yana sabo yake yanka kamar reza, ya kuma daɗe bai dakushe ba. Amma ranar da ya dakushe ya gama, magagari ba ya kama shi, santsi kawai yake yi a kai. Ba mu ce kada a saya ba, yana da amfani wajen katakon da aka taɓa aiki da shi mai ƙasa da siminti, kuma da yawa mariƙinsu an yi shi yadda za a iya ja layin digiri 90 da na 45 da shi. Amma zarton da zai zauna da mutum shi ne tsohon nan mai mariƙin katako, irin su Disston na Amurka ko Spear & Jackson na Ingila, wanda ake wasawa da ƙaramin magagari mai kusurwa uku. Ka ɗaga shi ka hango tsawonsa da ido ɗaya, in yana da karyayyen lanƙwasa ka bar shi. Ka ɗan tanƙwara shi ka saki, na kirki zai koma ya miƙe. Mai haƙora 8 a kowane inci ya isa yawancin aiki. Ƙaramin zarto mai ƙarfe a gadon baya, na yankan haɗi, ya jira sai hali ya samu.

Cizal uku sun isa: mai milimita 6, da 12, da 25. Wanda ba shi da kuɗin uku ya fara da na tsakiya. In ka ga bakin cizal ya yi shuɗi, an ƙona shi ne a injin wasa, taurinsa ya tafi a wurin, sai an cinye wannan wuri kafin a kai ga ƙarfe mai kyau. Ka tafi kasuwa da ɗan magagari a aljihu ka goga a kusa da baki: in ya ci ƙarfen da sauƙi kamar ƙusa, cizal ɗin ba shi da tauri. Guduma da tef ɗin awo da awartakin cire ƙusa ba su da wani sirri, na kasuwa ma sun yi, a dai duba kada kan gudumar ya riƙa girgiɗi. Sikwaya kuwa a gwada ta a gaban mai kanti: a kafa ta a gefen katako miƙaƙƙe a ja layi, a juya ta ɗaya gefen a sake ja a wuri guda. In layukan biyu suka hau kan juna, ta yi. In suka buɗe baki kamar almakashi, a mayar masa da abinsa.

Yanzu ga abin da muke ganin ya kamata a fara saye tun kafin zarto, ko da shi ke ba wanda yake zumuɗinsa: dutsen wasa. Mun lura yawancin masu koyo da ke kukan kayansu ba su da kyau, dakusassu ne kawai. Dutse mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi, da ɗan mai, da guntun tsohuwar ɗamarar fata ta gogewa a ƙarshe, sun isa. Wanda bai sami dutse ba ya manna sanfefa a kan gilashin taga mai kauri, gama gilashi a miƙe yake. Littattafanmu sun ce a kwantar da baki a digiri 25 a wasa a digiri 30. Wanda ba shi da abin auna digiri ga dabara: in tsawon gangaren bakin ya ninka kaurin ƙarfen sau biyu, digiri 30 ke nan. A wasa har a ji ɗan ƙaiƙayi ya taso a bayan baki, sa'an nan a kwantar da bayan a kan dutse a share shi. Kada a kai cizal ko wuƙar filen wurin mai injin wasa adda, sai in zai riƙa tsomawa a ruwa a kai a kai, in ba haka ba zai ƙone maka shi cikin minti guda ka kuma biya shi ladan ɓarna. Akwai wata fa'ida kuma da ba a cika faɗa ba: dakusasshen cizal ya fi mai kaifi yanka mutum, domin sai an danna da ƙarfi, ya zame ya sami hannu.

Sauran kaya da yawa ba saye ake yi ba, yi ake yi, kuma yin su shi ne darasin farko. Gudumar katako ta dukan cizal, guntun ƙirya ko marke ya isa. Ƙota da mariƙi a nemi aduwa ko reshen goba. Abin ja layi a gefen katako ba kome ba ne illa sanda da ɗan katako mai rami da ƙusa da aka wasa. Abin matse aiki in an sa gam yana da tsada ƙwarai a kanti, amma robar cikin taya da aka yanka dogo-dogo, ko igiya da aka murɗa da sanda, suna matse firam ɗin kujera yadda ake so. Wanda yake so ya tabbatar kusurwar babban aiki ta tsaya daidai ya auna 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗaya gefen, in tsakaninsu ya ba da 5 to ta yi. Ashe lissafin da muke gudu a aji yana jiranmu a ɗakin sana'a.

Kada kuma mu manta da maƙera. Abin kunya ne a ce ɗalibi ya san sunan Shafil amma bai taɓa zama a maƙerar garinsu ba. Tun kafin zuwan Turawa masassaƙanmu suke fid da turmi da taɓarya da akushi da kujera 'yar tsugunne, da gatari da gizago da 'yan ƙarafa kaɗan waɗanda maƙeri ya ƙera musu. Sifirin ɗin tsohuwar mota da mataccen magagari ƙarfe ne mai kyau ƙwarai, ya fi na cizal ɗin da muka saya a akwati nesa ba kusa ba. Maƙerin da ya san aikinsa zai fid da cizal mai kauri na huda ramin haɗi daga ciki. Sai dai a kai masa samfuri, a kuma roƙe shi bayan ya ƙona ƙarfen ya yi ja ya tsoma a mai, ya sake ɗumama shi sannu a hankali har bakin ya yi launin busasshen kara. In bai yi wannan na biyun ba, musamman ga ƙarfen magagari, bakin zai riƙa ɓarewa kamar kwalba. Ba za mu ruɗi kowa ba, zarto da sikwaya da filen ɗin ƙarfe sun fi ƙarfin maƙera.

Mun san akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce, zamani ya wuce kayan hannu, yaro ya tara kuɗi ya sayi na lantarki. Muna ganin ba su yi lissafi ba. Kuɗin injin yanka guda ɗaya zai sayi duk abin da muka ambata a sama, sa'an nan in babu wuta sai janareta, man fetur kuwa kowa ya san yadda ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023. Aikin da ya fi cin ƙarfi, wato tsaga katako da goge shi, akwai masu inji a kasuwar katako da suke yi a biya su kaɗan, ka ɗauko kayanka a gyare. Abin da ya rage na awo da yanka da haɗi aikin hannu ne, kuma wanda bai iya bin layi da zarton hannu ba inji ba zai koya masa ba, sai dai ya taimake shi ɓata katako da sauri, in an yi rashin sa'a har da yatsa.

A nan ne muke juyowa gare ku, iyayenmu da malamanmu da dattawan ikilisiya. Da tsohuwar zuma ake magani. A gidaje da yawa akwai akwatin kayan aikin wani kaka da ya yi kafinta a ma'aikatar ayyuka, ko a jirgin ƙasa, ko a kamfanonin haƙar kuza, yana ƙarƙashin gado ko a rumbu, tsatsa tana ci, wata rana yara su sayar wa mai gwangwan a kan kilo. Muna roƙo a fito da su. Wanda yake so ya sayar ya fara tuna da mu, wanda yake so ya bayar Allah ya sa albarka. Iyayenmu mata na zumunta, ku ne kuka san abin da ke cikin kowane ɗaki, ku taimaka mana da bincike. Da irin waɗannan kaya muke so a kafa akwatin aro a makaranta, wanda ɗalibin da ya gama, mace ko namiji, zai karɓi zarto da filen da cizal na wata shida, da sa hannun mahaifi ko mai riƙonsa a littafi, ya mayar da su a wase.

Wani zai ce kayan aro ba ya rufe katara, wani kuma zai ce kayan za su ɓace. Duka biyun gaskiya ne. Wasu za su ɓace, amma a ƙarƙashin gado ma ɓacewa suke yi ba tare da sun amfani kowa ba. Kuma ba nufinmu a dawwama a kan aro ba ne, wata shidan nan na tara kuɗin sayen na kai ne. Aiki kuwa yana nan a gabanmu. Bayan ɗakin cin abinci akwai tarin karyayyun tebura da kujerun aji, a majami'u da yawa akwai bencin da ke rawa in an zauna. Maimakon a kai wa na waje duka, a ware wani kashi a ba ɗalibai a ƙarƙashin idon malami, a biya su ko da rabin lada ne, da sharaɗin kuɗin ba na alewa ba ne, na kayan aiki ne. Mu ma a namu gefen mun fara adashi mu takwas, wanda ya ɗauka ya sayi abu ɗaya ya kawo kowa ya gani.

Akwatin dai mun riga mun haɗa shi da ragowar katakon tsohon allo, yana ɗakin koyon sana'a. A yanzu cikinsa akwai zarto biyu, da filen mai lamba 4 wanda ba shi da mariƙin gaba, da cizal uku, ɗaya daga ciki na maƙera ne. Abin da muka fi bukata shi ne dutsen wasa da magagari mai kusurwa uku. Duk wanda yake da wani abu, kome tsatsarsa, kada ya wanke kada ya gyara, ya kawo yadda yake ranar Laraba bayan an tashi daga aji, ko ya aiko ta hannun ɗansa in an dawo daga hutu.